Likita Ya Ce Kada In Sunkuya

Alhamis, 6 ga Satumba, 2001, da la'asar

Ni ce nake rubuta wannan da hannuna. Ni, Ana. Haruffan manya ne kamar na ɗan aji ɗaya, suna hawa suna sauka, amma ina ganinsu.

Da safen nan aka cire mini bandejin idon dama. Shekara uku yanar ido ta rufe mini idanu, ta kore ni daga koyarwa, ta mayar da littattafaina kayan ado, sai ga shi jiya likita ya ɗauke ta kafin a ce tukunyar gwate ta tafasa. Abin da na fara gani fuskar ƙanwata Suzana ce. Na ce, "Suzana, yaushe kika tsufa haka?" Ta ce, "Jan ki a hanya ne ya tsofar da ni, Yaya." Muka yi ta dariya har nas Roseline ta tsawata mana.

Dokokin likita: kada ruwa ya shiga idon, kada hayaƙi ya taɓa shi, kada in murza, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada in sunkuya. Na ƙarshen ya fi nanatawa, kamar ni ce ɗalibar.

Ba mu gaya wa kowa ba. A zumuntar matan cocinmu ba a ɓarar da shaida a titi. Ana riƙe ta sai ranar sujadar Lahadi, Allah ya fara karɓar godiyarsa kafin maƙwabta su ji. Ko Pwajok, mijin Suzana, wanda dattijo ne a cocinmu, bai sani ba. Baƙin tabarau ya rufa mini asiri. Duk wanda ya ce "Ya idon?" sai in ce sai a hankali.

Haladu ne ya fi ba ni wahala. Telan da ke haya a shagon gaban gidana. Bayan na makance ya zo, don haka muryarsa kawai na sani da ƙarar kekensa. A raina dogo ne mai gemu. Ashe ɗan guntun mutum ne mai wushirya, da awo rataye a wuya. Ya kawo rigar godiyata in gwada. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ko da na sha gaya masa nan ba masallaci ba ne.

"Malama, shuɗi ne mai kyau," ya ce, ya sa mini bakin yadin a hannu in taɓa. "Irin na sama bayan ruwa ya ɗauke."

"Tela ai ba ya faɗin gaskiya. Ƙila ruwan kashin kaji ka saya mini."

"Haba Malama! Ran Lahadi ki tambayi masu ido."

Shuɗi ne kuwa. Daidai yadda ya faɗa. Saura hannu ɗaya da kalmasa. Ya ce in ajiye, gobe bayan sallar Juma'a zai karɓa ya ƙarasa. Na ce goben tela na sani. Na kusa in ce masa ga zare nan maƙale a hularka. Na haɗiye.

Na gode, Ubangiji. Sauran sai Lahadi.

Juma'a, 7 ga Satumba, da yamma

Gari ya rikice tun bayan azahar. Ana ta gudu. Hayaƙi ta wajen kasuwa.

Likita ya ce kada hayaƙi ya taɓa shi. Wa zai je ya gaya wa Jos?

Ina da baƙo a ɗakin littattafai. Hanyar gidansa a Anguwan Rogo ba ta biyuwa.

Asabar, 8 ga Satumba, da hantsi

Babu baƙo.

Lahadi, 9 ga Satumba

Ba a yi sujada ba. Na ɗiga magani a kan lokaci.

Talata, 11 ga Satumba, da safe

Sojoji a kan gada. Dokar hana fita. Suzana ta biyo ta bayan gidaje ta kawo mini kunun acca, tana kuka. An kashe Gertrude, mai ba mu waƙa a zumunta, a hanyarta ta dawowa daga Farin Gada. Ita da kwandon tumatir ɗinta. An ƙone gidan ƙanen Pwajok, har yanzu ba a ga yaransa biyu ba.

Na so in yi kuka. Na tuna ban tambayi likita ko hawaye na cikin ruwan da ya hana ba. Ga irin matar da na zama.

Da za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon ƙasa. Babu komai a wurin. Na riga na kwashe, da tsintsiya na jawo su, a tsaye.

Alhamis, 13 ga Satumba, da rana

Shekara uku ina roƙon Allah abu ɗaya: in sake karatu. Ga littattafan, ga idon. Ban iya shiga ɗakin ba. Akwai tabarma a shimfiɗe tsakanin kantoci, da kofin da na ba shi ruwa.

Na san labarin makafin da Ubangiji ya buɗe wa ido tun ina yarinya, na koyar da shi a makarantar Lahadi har ya ishe ni. Duka a wuri ɗaya labarin yake tsayawa: ya gani, ya yi tsalle, jama'a suka yi mamaki. Babu wanda ya damu ya rubuta mana abin da mutumin ya gani washegari.

Asabar, 15 ga Satumba

An fasa shagon. Keken babu. Ba na jin komai da safe sai tsuntsaye, su ma ba su da kunya.

Litinin, 17 ga Satumba, da yamma

Pwajok ya zo gaishe ni. Ya kawo dankali da ƙwai. Ya shigo da takalmansa har tsakar ɗaki.

"Yaya, ya jiki? Ya idon?"

"Sai a hankali."

"Allah zai yi. Kada ki damu da wancan abin na ran Asabar da ake rikici. Ɓarawo ne ya shigo miki ba ki sani ba, yara suka kore shi. Da ba mu zo ba, wa ya san abin da zai yi miki?"

Abin da ya gaya mini a ranar ke nan, a bakin ƙofa, kalma bayan kalma. Ya haddace kamar ayar Lahadi. Yana magana yana kallon bango, yana sosa tsintsiyar hannunsa, inda wani rauni ya fara warkewa. Mutum in yana gaban makauniya ba ya wahalar gyara fuskarsa. Na ga fuskar Pwajok yadda matarsa ma ba ta taɓa ganinta ba. Ba fuskar mugu ba ce. Da ta mugu ce da na sami sauƙi. Fuskar mutumin da ya yi kwanaki ba barci ce, mutumin da ya ɗauke ni a motarsa zuwa asibiti, wanda ya haƙa kabarin mijina da hannunsa.

Ya ce mu yi addu'a. Ya rufe ido. Ni ban rufe ba.

Laraba, 19 ga Satumba, da safe

Bari in rubuta kaɗan, ko zai bar ni.

Ran Asabar ɗin Haladu ya fita bayan gida da asuba ya yi alwala, ya dawo. Shi ke nan. Mutumin da ake farauta, amma bai iya taka ɗakin mutane da takalmi ba. Uwarsa ta yi masa tarbiyya.

Da aka buga ƙofa na buɗe. Na ga takalmansa kafin kowa ya gan su. Na fata ne, na dama an yi masa faci da baƙin zare. Suna nan a jere, kansu na kallon cikin gida. Mutanen suna ta magana a lokaci ɗaya, ba wanda ya dubi ƙasa tukuna.

Likita ya ce kada in sunkuya.

Ya isa.

Juma'a, 21 ga Satumba

Ruwa tun safe. Rafin da ke ƙarƙashin gada ya cika yana ta tafiya da abin da aka ba shi.

Lahadi, 23 ga Satumba, da la'asar

An koma sujada. Suzana ta riƙe hannuna har kujera, ni kuma na yi ta laluben hanya da sanda kamar da. Na ƙware, ai na yi shekara uku ina koyo.

Benci da yawa babu kowa. Fasto Natana'el ya yi wa'azi a kan tsarewar Allah. Ya ce Lahadin farko ta watan gobe za a yi babbar godiya, duk wanda Allah ya fitar daga wani abu ya zo da baikonsa, wato kyautarsa ga Allah, da shaidarsa. Ya ce, "Har da Mamanmu Malama Ana, muna sa rai kafin ranar ido ya buɗe." Aka ce amin da ƙarfi.

Na dube su ta cikin tabarau. Yaran da na koyar da su haɗa baƙi. Mai kaɗa ganga. Wanda ke share coci. Na gane riguna biyu da na gani a ƙofata ran Asabar ɗin. Sun wanke su, sun goge, sun zo da su gaban Allah.

Ban san wa nake jin haushi ba. Su. Waɗanda suka tare Gertrude. Manyan da ke magana a rediyo kamar ruwan sama ne ya yi ɓarnar. Haladu kansa, da tarbiyyarsa. Wanda ya zaɓi wannan makon cikin dukan makonnin duniya ya buɗe mini ido. Na rubuta, kuma ba zan goge ba. Ya iya karatu.

Laraba, 26 ga Satumba, da rana

Matar Haladu ta zo. Maimunatu. Wani soja ɗan garinsu ne ya rako ta, ya tsaya a titi da bindigarsa. Yarinya ce ƙarama, da goyo. Ta leƙa shagon, babu komai sai guntayen yadi. Sannan ta yi sallama. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa.

Suzana na nan, tana tsince shinkafa.

"Mama, ke ce Malama? Kullum yana labarinki. Ya ce ba kya gani, amma da hannu kike kama ɗinkin da ya karkace."

Na ce ni ce.

"Mun duba asibitoci. Mun duba barikin soja. Mun je inda aka binne mutane da yawa, ba a bari an buɗe fuska ba. Wasu sun ce an gan shi a motar Bauchi." Ta gyara goyonta. "Mama, ba wai ina zargin kowa ba ne. So nake kawai in sani. Iyayena sun ce in shiga takaba, uwarsa ta ce duk wanda ya yi wa ɗanta takaba da ransa ba ta yafe ba. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Ko kin ji wani abu ranar? Ko muryarsa?"

Suzana ta riga ni. "Ai Yaya tana kwance lokacin, an yi mata aiki. Ba ta san abin da ake ciki ba. Allah ya bayyana shi."

Yarinyar ta ce amin. Ta yi mini fatan samun sauƙi. Ni, ta yi mini fatan sauƙi. Takalman mijinta suna ƙarƙashin gadon da take jingine da shi.

Na bar ta ta tafi haka. Malamar da ba a taɓa rufe wa baki a taron malamai ba.

Alhamis, 27 ga Satumba, da safe

"Yaya, ran godiya me za ki ce?"

"Abin da ake cewa. Da ba na gani, yanzu ina gani."

"Fasto zai tambayi ranar. Kullum yana tambaya, don a rubuta a tarihin ikilisiya."

"Sai in faɗa. Ai kina wurin."

Ta ajiye kwalbar maganin. Ba mu taɓa maganar ba, ni da ita, amma mace ta san abin da ta wanke daga rigar mijinta.

"Ki ce a hankali ya buɗe. Ki ce sai makon jiya. Wa zai sani? Baban yara ba ya cin abinci, Yaya. Ƴaƴan ƙaninsa ne suka gigita shi. Ba shi ba ne, wallahi ranar ba shi ba ne."

"To wane ne? Na ga yana sanye da hularsa."

"Ba don shi kaɗai ba. Ke fa? In suka san kina gani, sun san ke kika ɓoye shi. Ke kaɗai kike kwana a gidan nan."

Gaskiya ta faɗa. Abin da ban rubuta ba ke nan. Da suka fito da shi, ɗaya daga cikin yaran ya juyo kaina, ya ce tsohuwar nan ce ta ba shi wuri. Sai Haladu ya ce, "Wallahi ba ta sani ba. Makauniya ce, ta taga na shiga." Mutumin da ban taɓa jin ya rantse a kan ƙarya ba sai a kan ranar gama ɗinki. Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. Sauran ba ji na yi ba. Daga ƙofata ana hango gada.

Makantar nan da nake sanye da ita yanzu, shi ya ɗinka mini.

Asabar, 29 ga Satumba

Na yi ƙoƙarin addu'a. Na kai "na gode" sai na kasa ƙarasawa.

Talata, 2 ga Oktoba, da rana

Asibiti. Na karanta allon har layin ƙasa, wanda nas Roseline ta ce ita ma sai ta matsa. Likita ya yi murna kamar shi aka yi wa aikin. Ya ce idon ya warke sarai. Ya ce yanzu zan iya wanke fuska, in yi girki, in sunkuya yadda nake so.

Na yi dariya har suka tsorata.

Ya tambayi yaushe za a yi na hagun. Na ce a bar shi. Wanda aka buɗe ma bai gama da ni ba.

Alhamis, 4 ga Oktoba, da yamma

Ina ganinsu a ko'ina. Ƙofar maƙwabta, ƙofar kantin magani, bakin rijiya. Takalma biyu a jere, kansu na kallon ciki. In na rufe na dama in duba da na hagu, hazo ne kawai, fari, shiru, irin wanda na zauna a ciki shekara uku ina zagin sa. Yau na daɗe a cikinsa. Da daɗi.

Sai na tuna shuɗin. Irin na sama bayan ruwa ya ɗauke. Ya tsaya ya nemo mini kalmar da ta dace, alhali yana ganin ba zan taɓa kama shi ba in ya yi ƙarya.

Asabar, 6 ga Oktoba, da la'asar

Na ciro rigar. Hannun hagu a buɗe yake, da allurai a jiki. Suzana ta ce ta kai wa wani tela ya ƙarasa kafin gobe. Na ce a'a.

Ta ce, "Me za ki kai baiko? In kamo miki kaza?"

Na ce ina da abin da zan kai.

Lahadi, 7 ga Oktoba, da yamma

Coci ya cika. Doya, dankali, buhun acca, akuya tana ta kuka a bakin ƙofa. Kowane gida ya taso da rawa, ya zuba a babban daro a gaban bagade, ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Dattawa ne ke tsayawa a bakin daron suna karɓa. Yau Pwajok ne.

Da aka kira sunana matan zumunta suka miƙe da guɗa. Suzana ta miƙo hannu. Na ba ta sandar.

Na tafi ni kaɗai, ba rawa, da ƙunshina a hammata. Ganga ta yi ta bina, ta rasa ƙafar da za ta kama, ta yi shiru. Na cire tabarau.

"Haleluya!" in ji Fasto. "Mama, kina gani?"

"Ina gani, Fasto. Maɓallinka na biyu ya kusa faɗuwa."

Aka fashe da dariya, aka yi tafi, wasu na kuka. Da gaske suke murnar, na gani. Abin da ya fi ciwo ke nan, ina ƙaunar mutanen nan.

"Gaya wa ikilisiya, Mama, yaushe Ubangiji ya yi wannan aiki?"

Na dubi Suzana. Ta sunkuyar da kai.

"Ran Alhamis, shida ga Satumba, da safe. Na riƙe shaidata kamar yadda muka saba. Ran Juma'a ina gani. Ran Asabar ma ina gani."

Na baya suka ci gaba da tafi, ba su gane ba. Na gaba suka fara dainawa. Sandar ganga ta faɗi ƙasa.

Na kwance ƙunshin. Na sunkuya, har ƙasa, na jera su a gaban Pwajok, kansu na kallon bagade. Jini ya taru mini a ka. Idon bai yi komai ba. Bai yi komai ba, Ubangiji. Ko a ranar ma ƙila da bai yi komai ba.

Na miƙe na ce, "Na Haladu tela ne, wanda ya ɗinka wa rabinku ankon zumunta. Ba ta taga ya shiga ba. Ni na buɗe masa ƙofa. Ba baiko ba ne, ba nawa ba ne balle in bayar. Na kawo su ne su shiga coci sau ɗaya, tunda mai su bai taɓa shiga gidan kowa da su ba. Gobe zan kai wa matarsa, ta san ta shiga takaba."

Ban kira sunan kowa ba. Ba a buƙata. Pwajok ya buɗe baki, "Yaya," kawai ya fito. Ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da na makance, sai ya zauna a kan matakala kusa da doyar mutane.

Fasto ya ce a yi waƙa. Babu Gertrude da za ta ɗauko.

A cikin shirun nan godiyar da na kasa ƙarasawa ta fito. Na ce, "Na gode wa Allah da ya buɗe mini ido." A hankali na faɗa, ba don su ba. Na yi wata guda ina tambayarsa me ya sa wannan makon. Bai amsa ba. Amma da ya jira mako ɗaya, da yarinyar nan za ta tsufa tana leƙa motocin Bauchi, kuma da ba wanda zai san irin ƙaryar da mijinta ya yi don ya ceci wata tsohuwar Kirista mai baƙar magana. Da ban taɓa ganin wushiryarsa ba.

Na sake sunkuyawa na ɗauke su. Na fito. Ba wanda ya tare ni, ba wanda ya raka ni.

Litinin, 8 ga Oktoba, da safe

An jefi tagar ɗakin littattafai. Na share gilashin da kaina, na naɗe tabarmar.

Suzana ba ta zo ɗiga mini magani ba. Na iya.

Sojan nan ya yarda zai kai ni wurin Maimunatu da hantsi. Rigar zan sa, yadda take. Daga can in biya asibiti, in ce wa nas Roseline ta sa mini rana. A yi na hagun ma.